Kafin magini ya ja igiya: ina ɗakin kwananka zai kalla?

Akwai wani yayana da ya gama gininsa a bayan gari nan Kano, fuloti 50 da 100, gida ya yi kyau ba laifi, tayil ko'ina, silin na POP, kwano baƙi mai sheƙi irin wanda ake yayi, ga wata ƙatuwar tagar gilas a ɗakinsa wadda kusan rabin bango ce. Ranar walima kowa sai ma sha Allah. Da Afrilu ta kama sai ga shi ya dawo kwanan tsakar gida shi da iyalinsa a kan tabarma, saboda ƙarfe 11 na dare in ka ɗora tafin hannunka a bangon ɗakin nan sai ka rantse tanda ce aka gama gashin gurasa. Na zagaya gidan na duba, ashe ɗakin nasa da tagar duk yamma suke kallo, shi kuwa ɓangaren da ya fi ko'ina sanyi a gidan an ba wa sito da gareji. Buhun masara da mota suna shan iska, mai gida yana gasuwa. Ya sa esi, ya ƙara fanel na sola, ya ƙara batir, har yanzu lissafi yake yi.

Abin da ya jawo masa wannan ba kuɗi ba ne, don juya zanen gidan nan ranar da aka ja igiya ko sisi ba zai ƙara masa ba, bulo ɗaya ne, siminti ɗaya ne, leburori su ne dai. Kawai babu wanda ya tsaya ya tambaya ina rana take bi. Mu dai in mun sayi fili abin da muke dubawa shi ne titi, sai a sa get ya kalli titi, falo ya bi get, sauran ɗakuna kuma duk inda suka faɗa shi ke nan.

To bari mu fara da ita ranar. Kowa ya san tana fitowa gabas ta faɗi yamma, amma ba kowa ya lura cewa hanyar tata tana matsawa ba. Kano tana wajen digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, Sakkwato 13, Damagaram kusan 14, Kaduna 10 da rabi. Ita kuma rana a cikin shekara tana kaiwa digiri 23 da rabi ta arewa wajen 21 ga Yuni, ta koma 23 da rabi ta kudu wajen 21 ga Disamba. Ma'ana mu a nan tana ratsa saman kanmu daidai sau biyu a shekara, a Kano wajen ƙarshen Afrilu da kuma wajen 20 ga Agusta da 'yan kwanaki, ranakun da in ka tsaya da tsakar rana inuwarka tana ƙarƙashin ƙafarka. Tsakanin waɗannan biyun tana ɗan karkata arewa, sauran watanni takwas kuma tana kudu. Masu duba zawali da inuwar sanda don sallar azahar sun daɗe da sanin wannan, mu ne dai da muka koma duba agogon waya muka manta.

Me wannan yake nufi ga bango? Bangon kudu da na arewa rana daga sama take zuwar musu, a tsaye, don haka ɗan bakin kwano da ya fito ya isa ya kare su. Ga lissafi mai sauƙi. Ka ce bakin kwanonka ya fito ƙafa 2, wato santimita 60. Wajen 21 ga Maris da tsakar rana a Kano, rana tana digiri 78 a sama, wannan ɗan bakin kwanon zai jefa inuwa kusan mita 2 da santimita 80 a bangon kudu, kusan duk bangon ke nan har ƙasa. A Disamba kuwa da ta sauko zuwa wajen digiri 55, inuwar ba za ta kai mita ɗaya ba, rana za ta shigo ta taga, kuma lokacin hunturu ne ana neman ɗumin, ka ga faɗuwa ta zo daidai da zama. Yanzu ɗauki wannan bakin kwanon ka kai shi bangon yamma. Ƙarfe 4 na yamma a wannan Maris ɗin rana ta sunkuyo zuwa wajen digiri 37, inuwar ko rabin mita ba ta kai ba, ƙarfe 5 kuwa kamar babu, rana tana dukan bangon kai tsaye tana leƙowa har gado. Kuma abin haushin a daidai lokacin ne iskar gari ta fi zafi, tsakanin azahar da la'asar zuwa sakaliya. Bulo ya sha wannan zafin ya ƙoshi, ba ya sakinsa nan take, sai bayan isha'i ya fara amayo maka shi cikin ɗaki lokacin da kake neman barci.

Shi ya sa ƙa'idar farko ita ce gida ya miƙe daga gabas zuwa yamma. A nan mutane suke rikicewa, don haka bari in warware: tsawon gidan ne zai bi gabas da yamma kamar yadda rana take tafiya, dogayen bangwayen biyu masu tagogi su kalli kudu da arewa, gajerun bangwayen su ne za su fuskanci gabas da yamma. Ka ba wa rana ƙaramin wuri ta daka, shi ke nan maganar.

Wani abu da nake so a kiyaye, yanzu kowa intanet yake shiga ya kwaso zane, ko ya ga gida a Instagram ya tura wa mai zane ya ce irin wannan nake so. Yawancin gidajen nan na Turai da Amurka da Kanada ne, kuma su matsalarsu sanyi ce, rana nema suke yi. In ka ga an rubuta a sa manyan gilasai a kudu don rana ta shigo ta ɗuma gida, da mutumin Jamus ko Ingila ake magana, wanda a Disamba ranarsa da ƙyar take ɗagowa. Kai da kake Gusau ko Maraɗi ko Maiduguri inda ake haura digiri 40 a bazara, guduwa kake yi daga abin da shi yake roƙo. Gilas yana barin rana ta shiga amma ba ya barin zafin ya fita da sauƙi, duk wanda ya taɓa buɗe motar da aka bari a rana ya san zancen. Labule daga ciki kuma ɗan rage radaɗi ne kawai, tunda zafin ya riga ya ƙetare gilas ɗin. Inuwa daga waje ake yinta.

To sai dai na san abin da za ka ce, malam ai ba ni na yanka filin ba, awon igiya ne, yadda dillali ya nuna min haka na karɓa. Gaskiya ne, kuma a nan ne zancen ya fi daɗi. Fulotinmu yawanci siriri ne ta gaba mai tsawo ta ciki. In titinka yana gabas ko yamma da filin, tsawon filin ya riga ya bi gabas da yamma, ka yi sa'a ba ka sani ba. In ma get ɗin yamma yake kallo, sai ka jera gareji da zaure da ɗakin baƙi a gaba su shanye ranar la'asar, iyali suna can ciki. Wanda ke da aiki shi ne mai titi a kudu ko arewa, don shi dogayen bangwayensa dole gabas da yamma za su kalla. Shi wannan kada ya yi dogon gini guda kamar jirgin ƙasa mai tagogi a gefe da gefe. Ya lanƙwasa ginin ya bar tsakar gida, tagogin ɗakuna su buɗe cikin tsakar gidan ta kudu da arewa, sannan duk abin da ba a daɗewa a cikinsa a tura shi layin yamma: sito, banɗaki, matakalar bene, korido, wadurob ɗin bango. Su zama garkuwa. Kuma tunda alƙiblarmu gabas ce da ta ɗan karkata arewa, banɗakin da ke jikin bangon yamma sai a dasa masai ɗinsa ta yadda mai zama zai kalli kudu ko arewa, bai fuskanci alƙibla ba bai ba ta baya ba, a tuna wa mai aikin famfo tun kafin ya binne bututu.

Akwai masu cewa a tura kicin ma yamma. Ni ban yarda da wannan ba, kuma na lura duk mai faɗin haka ba shi yake girki ba. Tuwon dare da la'asar ake ɗora shi, daidai lokacin da bangon yake ci da wuta, ga zafin murhu ko gas ga na rana, ga firij a gefe yana ta gurnani yana shan wuta don ya kasa hucewa. Kicin ya fi dacewa da arewa ko gabas.

Ita gabas ɗin tana da nata halin. Ranar safe ma a sunkuye take zuwa, amma lokacin gari bai yi zafi ba, kuma ɗakin da ya sha ranar hantsi yana da yini guda ya huce kafin dare, don haka ɗakin kwana a gabas ya fi na yamma nesa ba kusa ba. Matsalar gabas ruwa ne. Hadarinmu daga gabas yake tasowa da guguwarsa, shi ya sa in ka duba tsofaffin gidajen ƙasa za ka ga bangon gabas ne ya fi zaizayewa, shi ake fara yi wa yaɓe da makuba ko a shafe shi da siminti kafin damina. Taga a gabas ta zama madaidaiciya mai rufuwa da kyau, da ɗan rumfa a kanta.

Sai iska, wadda ita ce rabin maganar kuma an fi mantawa da ita. Muna da iska iri biyu. Ta hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, busasshiya da ƙura, daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu ko Maris. Ta damina kuma daga kudu maso yamma, mai laima, ita ce wadda kake so ta ratsa ɗakinka a watannin da gumi yake danƙo a jiki. Tagogin kudu suna kama ta ko da a karkace ta zo, amma fa sai tana da hanyar fita, ɗaki mai taga ɗaya tulu ne, iska ba ta shiga inda ba za ta fita ba. Kowane ɗakin kwana a yi ƙoƙari ya samu taga a bango biyu, in ba hali a bar ƙaramar kafa can sama kusa da silin, tunda iska mai zafi sama take taruwa. Tagogin arewa a rage musu girma kaɗan saboda ƙurar hunturu. A bazara kuma dabarar ta juye, da rana iskar waje kamar daga bakin maƙera take, rufe tagogi ake yi, sai dare ya yi a buɗe ko'ina gini ya sha sanyin asuba. Raga kuma dole, in ba haka ba sauro zai sa ka rufe tagar da ka kashe kuɗi ka buɗe.

Wani abin da yake kashe iska shi ne haɗama. Mutum ya cinye filin gaba ɗaya da gini, tsakanin taga da katanga ko ɗan akuya ba zai juya ba, katangar kuma ta fi tagar tsayi, to ta ina iskar za ta zo? Ratar da hukumar tsara birni take cewa a bari ba mugunta ba ce. Amma ta yamma kam doguwar katanga ko benen maƙwabci alheri ne, inuwa kyauta.

In gidanka na ƙasa ne ba bene ba, rufi ya fi kowane bango shan rana, domin ita a samanmu take yini. Yayin baƙin kwano da ruwan ƙasa mai duhu wallahi ban san wa ya kawo mana shi ba, kwano mai haske yana mayar da kaso mai yawa na ranar, mai duhu kuwa shanyewa yake ya tura cikin silin. Sai kuma yayin ɓoye kwano a bayan bango, gida ya fito kamar akwati babu baki ko na inci ɗaya, duk lissafin inuwar nan da muka yi a sama ya tashi a banza, ga yoyo in gata ta toshe. A bar wa cikin silin kafofin shan iska ta ɓangare biyu a sa musu raga saboda jemage. Wani mai zanen gine-gine ɗan Burkina Faso, Francis Kéré, da ya gina makarantar firamare a ƙauyensu Gando a 2001, ɗaga kwanon ya yi sama da silin na ƙasa ya bar sarari iska tana ratsawa a tsakani, kuma a 2022 aka ba shi kyautar Pritzker, mafi girma a sana'ar. A Nijar ma Mariam Kamara da abokiyar aikinta sun yi masallaci da ɗakin karatu a Dandaji da tubalin ƙasa da aka matse da inji. Ba wai ƙasa ta tsufa ba ce, mu ne muka raina ta.

Kuma in ka shiga lungunan cikin birnin Kano ko Zariya ko unguwar Birni a Damagaram ko tsohon garin Agadas za ka ga iyayenmu sun gane wannan ba tare da kamfas ba. Bango mai kauri na tubali, taga 'yar ƙarama can sama, soro da azara da ƙasa a kai, lungu matsattse gida yana yi wa gida inuwa, zaure a gaba, bishiya a tsakar gida. Ka shiga Gidan Makama da azahar ka ji bambancin da waje. Ban ce komai nasu daidai ne ba, ɗakunan akwai duhu, wasu iska ba ta ratsa su, ga wahalar yaɓe duk shekara, kuma bangon ƙasa ma yana sakin zafinsa da dare shi ya sa ake hawa soro a kwana a bazara. Amma tunanin a fara kare gini daga rana kafin a nemi abin sanyaya shi, wannan nasu ne.

Bishiya kuwa a yamma da kudu maso yamma ake sa ta, kuma a dasa tun ranar da aka sayi filin, kafin ka tara kuɗin gini ta riga ta yi inuwa. Darbejiya tana jure fari kuma ba ta tsiraita gaba ɗaya a bazara, mutanen Maiduguri shaida ne, mangwaro ma haka in akwai ruwa. Ceɗiya da durumi inuwarsu babu kamarta amma saiwarsu tana fasa gini da sokawe, su sai fili mai faɗi. Ko darbejiyar a ja ta mita 4 ko 5 daga fandisho. Sannan don Allah a rage malale tsakar gida da intalok daga get har bayan gida, siminti ne yake yini yana shan rana ya kwana yana huci a gindin tagarka.

Shi kansa filin, in da hali ka je ka gan shi a Agusta bayan an tafka ruwa, ba a Fabrairu da ko'ina ya bushe ba. Tsohon kududdufi da aka cike da shara da fadamar da aka yanka fulotai duk a rani kyau suke yi. Gidan da yake jan danshi fenti ba ya zama, ɗaki yana wari, kuma kuɗin cikon ƙasa kaɗai ya isa ya saya maka sola. Ka dubi kuma filayen da ke kewaye, wanda ke kudu da kai in ya tada bene hawa biyu gobe, inuwarsa za ta faɗo kan rufinka a hunturu.

Wannan ya kawo mu kan sola, tunda daga cire tallafin mai a Mayun 2023 janareto ya zama sai wane da wane, sannan a Afrilun 2024 aka kai kuɗin wutar 'yan Band A, wato rukunin masu samun wuta aƙalla awa 20 a rana, naira 225 kowane yunit kafin a ɗan rage, ga kuma duhun da Arewa ta shiga na kwana da kwanaki a Oktoban 2024 da layukan wuta suka lalace. Esi mai doki ɗaya da rabi in yana aiki ba hutawa yana shan fiye da yunit ɗaya a awa, awa 8 kullum sai ka ga wajen yunit 270 a wata, a wancan farashin ya haura naira dubu 60, ɗaki ɗaya tal. Ɗakin da bangonsa bai sha rana ba kuwa injin yana samun hutu, wasu watannin ma fanka ta isa, kuma a harkar sola bambancin fanka da esi shi ne bambancin ƙaramin batir da na miliyoyi.

Gidan da ya miƙe gabas da yamma kuma da kansa yake ba ka kwano mai gangarowa kudu, inda fanel ya fi so. Karkata ta digiri 10 zuwa 15 ta isa a wajenmu, kada a kwantar da shi sharaf don ruwan sama ya riƙa wanke shi, a hunturu kuwa sai ka hau da kanka ko ka sa yaro, don haka tun a zane a bar hanyar hawa. In rufinka gabas ko yamma ya gangara kada ka tada hankali, a kusa da tsakiyar duniya irin namu asarar ba ta da yawa, inuwa ce babbar abokiyar gaba, reshe ɗaya ko inuwar tankin ruwa a kan fanel ɗaya tana iya ja da sauran da ke layinsa ƙasa. Tankin a kai shi arewa da fanel ɗin, a yi masa 'yar rumfa in ba so kake ka yi alwalar azahar da ruwan shayi ba. Inbata da batir a ba su wuri mai inuwa da iska, zafi yana rage wa batir kwana, kada a cusa su a sito na yamma da muka ce garkuwa ne. Injin esi na waje ma haka, a rataye shi a kudu ko arewa ƙarƙashin bakin kwano.

Gano kudu da arewa a filin ba wuya, kamfas ɗin waya yana yi in ka matsa daga mota da rodi, amma na fi yarda da sanda. Ka kafa ta a tsaye wajen ƙarfe 11 da rabi, ka riƙa sa tsakuwa a ƙarshen inuwar duk bayan minti goma har wajen ƙarfe 1 da rabi, inda inuwar ta fi gajarta, layin da ya haɗa tsakuwar da gindin sandar shi ne kudu da arewa. A Kano yana kamawa wajen 12 da rabi, a Sakkwato ya ɗan fi haka jinkiri, sai dai kada ka gwada a ƙarshen Afrilu ko ƙarshen Agusta don ranar inuwar ɓacewa take yi. Ka ja layin a ƙasa, ka ɗauki hoto, ka kai wa mai zane ka ce ya sa maka kibiyar arewa a jikin takardar, ka nuna masa da yatsa ɗakin da za ka kwana. In kuwa gidan karkace yake da digiri 15 ko 20 saboda yadda titi ya zo, ba komai, ana samun yawancin amfanin.

Shi yayan nawa, da ya gaji, rumfa ya sa aka yi masa da ƙarfe da zana a wajen tagar, nesa da bangon kamar taku biyu, ya dasa darbejiya biyu a bayanta, ya yi wa bangon farin fenti. Ya ce da sauƙi. Yanzu shawarar da ake yi a gidan ita ce ko a kwashe buhunan masarar a mayar da siton ɗaki, uwargida ta ce ita dai a fara fasa masa taga ta biyu.